Suna Linzami: Alhakin da ke Wuyan Marubuci Ranar Raɗa wa Littafi Suna

Sanin kowa ne cewa Bahaushe yakan raɗa wa jariri suna ran bakwai, tun ba a san irin mutumin da zai zama ba. Saboda haka idan aka kira yaro Aminu ya tashi maci amana, ba mai tuhumar mahaifinsa, domin fata ya yi, fata kuwa ba alƙawari ba ne. Marubucin ƙagaggen labari ba shi da wannan uzuri. Shi yakan zaɓi suna ne bayan ya gama sanin abin da ya haifa ciki da waje, ya san wanda aka kashe a babi na tara da wanda ya yi kisan. Duk abin da sunan ya faɗa, da saninsa ya faɗa. Ga shi kuma suna yana zuwa inda littafi ba ya zuwa: a baki ake yawo da shi, a teburin mai sayar da littattafai ake hangensa, kuma waɗanda za su ji shi sun ninka waɗanda za su buɗe shafin farko.

Adabinmu na zube ya daɗe da sabawa da ɗauko suna daga karin magana. Tun littattafan gasar 1933 muna da Jiki Magayi, daga baya aka sami Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990. Dabarar tana da daɗi, domin marubuci yakan faɗi rabin magana, mai karatu ya cike sauran da kansa, sai ya ji kamar da shi aka rubuta. Amma mu lura, karin magana hukunci ce da magabata suka riga suka yanke. Wanda ya ɗora ta a bangon littafi ya sanar da sakamakon shari'a tun shaidu ba su shigo ba. Hakan ba ya damun kowa matuƙar marubuci da masu karatunsa sun yi tarayya a kan wane ne mai laifi. Ba mu taɓa jin wanda ya yi gardamar cewa mijin da ya kori matarsa da 'ya'yanta ba shi da alhaki ba.

To, yanzu mu ƙaddara wani marubuci ya kammala labarin da ya gina a garin Kafanchan, yana neman sunan da zai sa masa kafin ya kai maɗaba'a. Garin ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa, tun da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Jos da na Kaduna a 1927. Akwai Fantswam da Bajju da Kaninkon da Kagoro a kewayensa, akwai Hausawa da Fulani na masarautar Jama'a, akwai Ibo da Yarabawa da aikin reluwe ya kawo. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta garin, wutarsa ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Katab, wanda ya faro a Fabrairu a kan sauya wa kasuwa matsuguni, ya dawo da muni a watan Mayu. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa. Duk wanda ya rubuta labari a wannan ƙasa, a kan kaburbura yake rubutu, kuma masu kaburburan suna da 'ya'ya da suka iya karatu.

A nan akwai abin da yawancinmu marubutan Hausa kan manta. Hausa ita ce harshen kasuwa a Kudancin Kaduna, kuma ita ce harshen wa'azi da waƙa a majami'u da dama, tun bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ke nan littafin da aka rubuta da Hausa ba saƙon cikin gida ba ne da Musulmin Kano da Katsina kaɗai za su gani. Malamar makaranta a Kagoro za ta karanta sunan da ke bango daidai yadda ɗan kasuwa a Tudun Wadar Zariya zai karanta shi.

Idan marubucinmu ya bi al'ada ya sa wa littafinsa Baƙo Raɓa, sunan gajere ne, yana da zaƙi a baki, zai kuma sayu. Sai dai tambayar wane ne baƙo ita ce ainihin abin da aka zubar da jini a kansa. Iyalin da kakanninsu suka zauna a Zango tun kafin zuwan Turawa za su ji an ce su tattara su tafi. Idan ya ce Ramuwar Gayya, ya riga ya nuna cewa akwai wanda ya fara, kowane ɓangare kuwa yana da shekarar da yake fara lissafi daga gare ta: wani daga 1987, wani daga zamanin harajin sarakuna da farautar bayi. Akwai kuma tarko na uku wanda muka fi jin tsoronsa saboda kamarsa da alheri, wato ya ce Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu ba za ta ga ta'aziyya a wannan suna ba, za ta ga an ce ta yi shiru ne domin taro ya yi kyau.

Ko sunan wuri bai tsira ba. Mutanen da Bahaushe ya saba kira Katab suna kiran kansu Atyap, Kaje kuwa Bajju, Jaba kuma Ham. Yankin da aka daɗe ana cewa Kudancin Zariya, mazaunansa sun zaɓi Kudancin Kaduna, kuma dalilin zaɓin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san cewa sai a 1995 Atyap da Bajju suka sami masarautun kansu. A cikin labari marubuci yana da sarari: tsohon fatake zai ce Katab, ɗalibar jami'a ta gyara masa, mai karatu ya ji duka biyu ya auna. A bango ba wannan sarari. Can muryar marubuci ce kaɗai, kalma ɗaya zai ɗauka ya bar ɗaya.

Za a iya ce mana wannan duk tsoro ne aka yi wa rawani. Ashe aikin marubuci ba faɗin gaskiya ba ne ko da za ta yi ɗaci? Sulaiman Ibrahim Katsina bai yi kwana-kwana ba da ya ce Tura Ta Kai Bango, kuma ba mu ga laifinsa ba. Wannan suka tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba, domin labarin da ya ƙi bambanta wanda ya riƙe wuƙa da wanda aka yanka shi ma ƙarya ya yi. Abin da muke gani shi ne, hukunci haƙƙi ne da ake saye da hujja, hujja kuwa a cikin shafuka take zaune. Marubuci yana da damar ya nuna ɗan siyasar da ya raba kuɗi da fetur, da mai wa'azin da ya zuga matasa, da jami'in da ya kau da kai, ya kama su da sunayensu na cikin labari har mai karatu ya kasa kare su. Wannan hukunci ne a kan mutane da ayyukansu. Kalma biyu ko uku na bango ba su iya ɗaukar wannan nauyi, saboda haka hukuncin da aka rataya a kansu yakan zame daga kan mai laifi ya faɗa kan ƙabila ko addini ɗungurungum. Sulaiman da azzaluman shugabanni yake faɗa, su kuwa ba ƙabila ba ne.

Elnathan John, haifaffen Kaduna, ya bi wata hanya a littafinsa na Turanci na 2015, Born on a Tuesday, wanda ba komai ba ne illa fassarar sunan tauraronsa, almajiri Ɗantala. Labarin cike yake da bangar siyasa da rikicin aƙida, amma abin da aka miƙa wa mai karatu a ƙofa yaro ne guda da ranar haihuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka ya yi da Shaihu Umar, labarin da bauta ce jigonsa, ya bar sunan mutum ya ja gaba.

Da marubucinmu zai nemi shawararmu, da mun ce ya duba tashar jirgin nan da ta tara mutanen tun farko, ya gwada Mahaɗa. Mun san mai buga littafi zai yamutsa fuska ya ce ba ta da gishiri, yaran kasuwa ba za su yi rububinta ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce ta fuskar ciniki. Mun kuma san cewa a mahaɗa ake gamuwa, a nan ne kuma layuka suke rabuwa kowane ya kama gabansa, kuma kalmar ba ta faɗi wanne daga ciki ya sami mutanen labarin ba.