Direban da alƙali ya tura magani: tilas tana haifar da tuba?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekarar 1989 aka buɗe wata kotu a birnin Miami na Amurka domin masu shaye-shaye. Maimakon gidan kaso, alƙali kan tura mai laifi wajen magani, ana gwada fitsarinsa, yana kuma bayyana gaban kotu a kai a kai. Daga baya aka kafa irinta domin direbobin da ake yawan kamawa suna tuƙi cikin maye. Wanda ya bi tsarin har ƙarshe a sassauta masa, wanda ya saɓa hukunci ya hau kansa.

Wasu na ganin wannan wahalar banza ce. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: barin saɓo, nadama, da ƙudurin rashin komawa. Nadama kuwa aikin zuciya ce, hannun alƙali ba ya isa can. Wannan gaskiya ne.

Sai dai wanda giya ko ƙwaya ta mallake, hankalin da zai yi nadama da shi ne ke rufe. Watannin da aka raba shi da maye su ne ke ba shi damar ganin abin da ya aikata. Imam Gazali ya bayyana cewa kyakkyawan hali kan samu ta hanyar tilasta wa rai aikin da ba ta so, har ya zame mata jiki. Muridi shi ke kai kansa ga wannan horo, direban kuwa kai shi aka yi, amma rai ɗaya ce ake horarwa.

Akwai kuma sharaɗi na huɗu, wato haƙƙin bayin Allah. Mai tuƙi cikin maye yana caca da ran yaron da ke tsallaka hanya da na matafiyan da suka ba shi amana. Ko zuciyarsa ba ta motsa ba tukuna, duk ranar da ya riƙe sitiyari da hankalinsa an kare waɗannan rayuka.

Haɗarin yana ranar da wa'adin kotu ya cika. Wanda tsoron alƙali kaɗai ya hana, zai koma da zarar an ɗauke masa ido. Nan ne nauyi ke komawa kan iyali da abokan kirki, su riƙe shi ba tare da gori ba, har tsoron hukunci ya zama kunyar Ubangiji.

Allah ya yaye wa duk wanda aka jarraba, ya tsare matafiya. Amin.