HADARIN DA YA SAMI SUNA

Karatu: Yahuza 12-13, Luka 10:17-20

Kowane manomi a ƙasar Gwarzo ya san daga gabas hadari ya ke tasowa. Ya kan haɗu wajen Kabo, iska ta riga shi isowa, ya zubar mana da ruwa, ya wuce yamma wajen Dayi da Malumfashi. Amma ina ya ke zuwa bayan ya bar mu? Masana yanayi sun bi sawunsa, abin da suka gani kuwa yana da koyarwa domin Ikilisiya.

Da damina, busasshiyar iskar Hamada da iska mai laima ta teku su kan gamu a bisa ƙasashenmu. Daga gamuwarsu hadari ya kan yi ayari kamar na fatake, tun daga wajen Habasha da Sudan, ya nufi yamma. Kowane kwana uku ko huɗu wani ayari ya kan wuce. Cikin tafiya wani hadari ya mutu, wani ya tashi, amma ayarin yana nan. Wajen 60 ne su ke fita Tekun Atalantika kowace shekara, ta gaɓar Senegal da maƙwabtanta. Yawancinsu su kan watse, ba wanda ya ji labarinsu.

Amma idan ayari ya tarar da ruwan teku da ɗumi, kamar digiri 26 da rabi ko fiye, sai tururi ya yi ta hawa, ya zama girgije, ya saki zafinsa a sama. Zafin nan ya jawo ƙarin iska daga ƙasa, iskar kuma ta soma kewayawa saboda juyawar duniya, tamkar guguwar da mu ke gani a fako da bazara, sai dai faɗin wannan ya kai ɗaruruwan mil. Sa'an da gudun iskar ya kai mil 39 cikin sa'a guda, ofishin lura da guguwa da ke Miyami a Amurka ya kan ba ta suna. A 1953 aka soma ba su sunayen mata, a 1979 aka haɗa da na maza.

Ga misali. Ran 11 ga Satumba, 2020, wani ayari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma. Ran 14 ga wata, yamma da tsibiran Cape Verde, ya zama guguwa, aka raɗa mata suna Vicky. Gudunta ya kai mil 50, aka zana ta a taswira, aka ba jiragen ruwa gargaɗi. Amma wata iska mai ƙarfi a can sama ta yi ta kwashe girgijen daga kanta, har kai ya rabu da gindi. Ran 17 ga wata ta mutu a tsakiyar teku. Kwana uku ke nan da samun suna.

Ku lura da abu biyu. Na fari, sa'an da hadari ya ke ratsa ƙasashenmu ba shi da suna, amma gero da dawa da gyaɗa suna sha. Sa'an da ya sami suna a teku, ruwansa duka cikin ruwan gishiri ya ke zuba, ko kunya ɗaya ba ta jiƙa ba. Na biyu, ƙarfinsa ba nasa ba ne, na ɗumin da ke ƙarƙashinsa ne. Idan ya hau ruwan sanyi, ko ƙurar Hamada ta shiga cikinsa, ko iska ta raba kansa da gindinsa, ya ƙare.

Yahuza bai ga taswirar masana ba, amma ya san irin waɗannan mutane cikin Ikilisiya. Ya kwatanta su da girgije wanda iska ke kora ba ya ba da ruwa, da raƙuman teku masu hauka da kumfa. Ashe ba mu san su ba? Ga mutum ya yi shekaru yana koyar da yara a makarantar Lahadi, gidaje da yawa suna amfana. Ran da aka zaɓi dattawa ba a kira sunansa ba, sai ya yi fushi, ya ja mutum goma, ya kafa nasa taro. Wata uku ana jin amonsa, bayan haka shiru. Ga wani ba ya ba da baiko sai in za a karanta sunansa a gaban jama'a. Addu'ar ɗaka ta yi sanyi, ƙurar son yabo ta shiga zuciya, baki yana wa'azi hali kuwa yana wani wuri. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Almajiran da Yesu ya aika sun komo da murna domin aljanu sun yi musu biyayya. Ubangiji bai ƙaryata su ba, amma ya juya murnarsu zuwa wani wuri, wato zuwa ga sunan da aka rubuta musu a sama. Wannan suna ba ofis ke ba da shi ba, ba kuwa zaɓe ba. Jinin Almasihu ne ya saye shi, ba ya kuwa mutuwa bayan kwana uku.

Saboda haka, ke uwa ta zumuntar mata da ki ke kai wa marar lafiya kunu ba wanda ya sani, kada ki karai. Kai saurayi da ka ke yi wa gwauruwa noma, kai mai bishara na ƙauye da ba a taɓa kiranka gaban babban taro ba, ku tsaya inda Allah ya sa ku. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Bari kowannenmu ya tambayi kansa yau, gonar wa ta sha daga gare ni a wannan shekara?

Ya Ubangiji, ka tsare mu daga neman suna, ka riƙe mu kusa da kai, ka sa mu zama ruwan albarka ga maƙwabtanmu. Amin.