Sadaka Ko Aiki: Wanne Nakasasshe Ya Fi Buƙata?

Mai karatu, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a Babbar Kasuwa ta Katsina. Wani saurayi da shan-inna ta shanye wa ƙafafu ya gangaro da kekensa bakin wani shagon atamfa, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, na ji ana neman mai rubuta lissafi, ga takarduna." Alhaji ko kallon takardun bai yi ba. Sai ya zaro naira ɗari biyar ya miƙa masa, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ɗana." Yaron ya ce, "Alhaji, ba bara na zo ba." Ya juya kekensa ya tafi.

Tun ranar nake tambayar kaina: me ya sa hannunmu ke da sauƙin miƙa sadaka, amma yake nauyi wajen ba da aiki? Ni dai a ganina, sadaka ba ta da wahala, kana sama yana ƙasa, ka ba shi ka wuce. Shi kuwa aiki sai ka yarda cewa shi ma mutum ne kamarka, zai iya gyara maka kuskure a lissafi, ya kuma nemi haƙƙinsa ƙarshen wata.

Na san uzurin da ake kawowa: wai ba shi da sauri, wai ba za ka iya yi masa faɗa ba. To, mai karatu, lissafi da ƙafa ake yi? Abin da yake buƙata bai wuce tebur daidai tsayinsa da ɗan gangare a bakin shago ba. Batun faɗa kuwa, in ya yi laifi ka yi masa kamar kowa. Wannan ma girmamawa ce.

Mu 'yan fim ma da laifinmu. Sau nawa ka ga gurgu ko makaho a fim ɗin Hausa ba da ƙoƙon bara ba, ba kuma abin dariya ba? Alhali Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, har gobe ana karanta shi a jami'o'i. A gasar nakasassu ta duniya a birnin Riyo a 2016, 'yan Nijeriya sun ciyo zinare 8, a shekarar da masu ƙafafu suka dawo daga gasar Olamfik da tagulla ɗaya tak.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Madalla. Sai dai yawancin samarinmu ba a ofis suke samun abinci ba, a kasuwa ne, wurin tela, mai gyaran waya da mai shago. Nan kuwa ba jami'in da zai zo ya ƙirga, sai zuciyar maigida.

Ban ce a daina sadaka ba. Amma in gobe wani ya gangaro bakin shagonka da takardu, kafin ka sa hannu a aljihu, karɓi takardun ka duba tukuna, ka gwada shi mako guda.