Shanun Huɗa da Gurbin Likitanci

A wani ƙauye gabas da Wudil an yi wani manomi, Malam Sule, wanda dukiyarsa ba ta wuce gonaki biyu da shanun huɗa biyu ba. Yana da 'ya, Rakiya. Tana aji ukun sakandare aka kwantar da mahaifiyarta a asibitin koyarwa na Shika, ita ta yi jinya. Tun daga nan ta ƙwallafa rai sai ta karanta likitanci, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A 2024 ta zauna jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, ta amsa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Sakamako ya fito, ta ci 271 cikin 400. A makarantarsu ba wanda ya kama ƙafarta. Murnar ba ta kwana biyu ba sai zulumi ya maye gurbinta. Duk wanda ta gani da alamar boko sai ta tare shi da tambaya ɗaya, ko za ta samu. Mai shagon intanet da ya duba mata sakamakon ya ce ai ta gama, ta je ta ɗinko farar riga. Wani ɗan bautar ƙasa ya girgiza kai, ya ce ƙanwarsa ta fi haka maki aka bar ta a gida.

Da abin ya ishe ta sai ta je wurin Malam Bello, mai koya musu Kemistiri. Ya zaunar da ita, ya ce a bana kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar, waɗanda suka kai 300 ba su cika dubu 10 ba, saboda haka tana sahun gaba. Sai dai 'yan sahun gaban da yawansu ƙofa ɗaya suke bugawa, ga shi hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Ya zana mata a bayan takarda yadda jami'o'in tarayya ke rabon gurabe: kashi 45 na zallar cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a karatun boko. Ya ce makinta rabin labari ne, ɗaya rabin yana hannun yaran da ba ta taɓa gani ba. Abin da ya rage a nata hannun shi ne tantancewar da jami'a za ta yi da kuma sakamakon WAEC. Rakiya ta yi godiya ta fito ranta ba daɗi, don ita "eh" ta je nema.

Ana cikin haka maƙwabcinsu Alhaji Tanko, wanda ɗansa Nura ya ci 308, ya zo da albishir. Ya ce akwai wani bawan Allah a birni, ba ma'aikacin jami'a ba ne, amma ba ofishin da ba ya shiga. Naira 800,000 yake karɓa. Mutum ne mai tsoron Allah, in yaro bai samu ba sai ya mayar da kuɗin, har takarda ake rubutawa da shaidu. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya karɓar wanda makinsa bai kai 260 ba.

Malam Sule ya kwana yana lissafi. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, huɗa na tafe, kuma kowa ya san sa ɗaya ba ya jan garma. Duk da haka ya yanke shawara ranar Juma'a zai kai babban san kara a kasuwar Wudil.

Daren Alhamis Rakiya tana taya kakarta Iya ɓarar gyaɗa, ta ba ta labarin mutumin da irin amanarsa. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta watsa ɓawo gefe, ta ce, "Kishiya, wannan ai na san kakansa." Ta ce a zamaninsu an yi wani boka mai ba masu ciki laƙanin haihuwar ɗa namiji, ana biyansa da akuya. Wadda ta haifi mace sai ya mayar mata da akuyarta har gida yana ba da haƙuri. Wadda ta haifi namiji kuwa ita ke yawo gari gari tana yabonsa. Iya ta ce garkensa bai taɓa raguwa ba. Daga nan ta ci gaba da ɓararta, ba ta ƙara komai ba.

Rakiya ta kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ta jera yara goma a ranta, kowanne da maki sama da 260. Ko ba wanda ya ɗaga musu yatsa, ai wasunsu za su samu. Ta tuna Malam Bello ya ce tun 2017 duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta JAMB ba, ba gurbi ba ne. Sai wata zuciyar ta ce mata, to in fa da gaske mutumin yana da hanya? In aka ɗauki Nura aka bar ta, da wane ido za ta dubi kanta? Ta juya, ta sake juyawa. Tana jin shanun suna tuƙa a turke, ta tuna shekarar da aka sayo su, yadda mahaifinta ya yi damina biyu da riga ɗaya.

Da asuba Malam Sule ya dawo daga masallaci, yana kwance igiya, sai ya ga 'yarsa durƙushe a bayansa.

Ta ce, "Baba, ina da magana. Bawan Allahn nan, in hanya gare shi, me ya hana shi karɓar mai 190?"

Malam Sule ya tsaya da igiya a hannu. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce shi bai yi boko ba, abin da ya sani shi ne ba ya son wata rana ta ce ya fifita sa a kanta.

Ta ce, "In ban samu ba, Baba, ni na ce a bari. Iya ce shaida."

Ya dube ta, ya dubi san, ya mayar da igiyar turke. Da hantsi aka ɗaura garma.

Watannin da suka biyo baya Rakiya ta daina tare mutane. Ta ari tsofaffin tambayoyi a wurin Malam Bello, ta yi tantancewa iya ƙarfinta. Da sunaye suka fito, na Nura yana ciki, nata babu. Ta shiga ɗakin Iya ta yi kuka mai isarta, tsohuwa ta bar ta har ta gaji. Alhaji Tanko ya yanka rago, ya zo har zaure ya ce wa Malam Sule da ya ji shawara da yanzu tare suke murna. Malam Sule ya yi masa barka, ya sa wa yaron albarka. Daga baya aka ji wasu iyaye a ƙauyukan gefe sun karɓo kuɗinsu kamar yadda aka yi alkawari, an dai cire abin da mutumin ya kira kuɗin zirga-zirga.

Daminar ta yi kyau. Da kaka aka auna buhunan dawa, Malam Sule ya ware uku, aka sayar, aka sai wa Rakiya fom ɗin JAMB na 2025, aka biya mata kuɗin darasi a Wudil. Kullum da sassafe take hawa motar kasuwa, littafin Fiziks a cikin hijabi, don a nan makinta ya yi rauni.

In hanya ta bi da kai ta ƙauyen, za ka tarar Alhaji Tanko har yau yana yi wa mutumin nan addu'a, yana kuma nemo masa yara masu maki da yawa. Nura kuwa, in ka tambaye shi wa ya samo masa gurbi, sai ya ce a tambayi babansa, shi dai ya san dare nawa ya raba a kan littafi.