Sabuwar Taya da Haƙƙin Wanda Aka Goya

Mun saba ɗauka cewa sabon abu shi ne lafiyayye. Tayar babur kuwa da santsinta take fitowa, sai ta ci ƙasa take kama hanya. Shi ya sa ake lallaɓa ta a hanyoyin karkara fiye da kilomita 100, ba taka birki da ƙarfi, ba kwanciya a kwana.

To, ɗan acaɓan da aka sa wa taya da safe, ga bashinta a wuya, ya halatta ya goya tsohuwa zuwa kasuwa nan take? Shi ya san santsin. Ita ƙyalli ta gani, har ta ƙara sakin jiki. A ganinmu bashi ya isa uzurin fitarsa, amma bai isa uzurin shirunsa ba, tunda ƙafar da za ta karye a kan tsakuwa ba tasa kaɗai ba ce.