Ɗakin Shan Maganinmu Ya Yi Mana Kaɗan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu mazauna wannan unguwa ta Agege.

Takardar wannan Juma'a a kan magana ɗaya za ta tsaya, wato ɗakin shan maganin nan da ke bayan masallaci. Liman da kwamiti sun umarce mu da mu rubuta abin da aka tattauna a zama uku da aka yi, domin wanda yake kasuwa lokacin zaman ya sani, iyayenmu mata da ke cikin gida su ma a karanta musu.

Da yawanmu mun halarci jana'izar da aka yi a watan jiya bayan sallar Asuba. Matar wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa ce, naƙuda ta kama ta wajen ƙarfe ɗaya na dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka zo ɗakin shan magani, a kulle, domin ba mu da mai kwana. Kafin a sami mota, kafin a ratsa ruwan da ya cika titi, jini ya riga ya zuba da yawa. Jaririn ya rayu, uwar ta koma ga Mahaliccinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta cika da shahada, Ya raya abin da ta bari. Mun yi imani kwananta ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko da daƙiƙa ɗaya. Amma fa imani da ƙaddara bai sauke mana nauyin riƙo da sababi ba. Allah ba zai tambaye mu ajalinta ba, abin da zai tambaye mu shi ne ƙofar nan da aka tarar a kulle, alhali a cikinmu akwai masu hali.

Kowa ya san yadda wurin yake. Ɗaki biyu ne rak. A ɗaya ake duba mutum, a nan ake allura, a nan ake ajiye magani. Ɗayan kuma gado biyu ne, in an kwantar da namiji ana masa ƙarin ruwa, mace sai ta jira a waje. Ranar awo matanmu a baranda suke zama, kusa da wurin alwala, maza na wucewa. Wasu mazan sun hana matansu zuwa saboda haka, kuma ba mu ga laifinsu gaba ɗaya ba. Lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a Legas a daminar 2024, mun ga yadda aka shimfiɗa tabarma a ƙasa domin gado ya ƙare.

Wani zai ce, ina ruwan masallaci da asibiti? To, a zamanin Manzon Allah (SAW) an kafa tanti a cikin masallacinsa na Madina, inda wata baiwar Allah Rufaida Al'aslamiyya take jinyar waɗanda suka ji rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a nan aka kwantar da shi domin Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Kun ga ke nan jinya a gefen masallaci tana da asali. Musulmin da suka biyo baya kuma sun ɗora a kai. A birnin Alƙahira na Masar, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a shekarar 1284, ana duba talaka da mai kuɗi kyauta. Abin da ya riƙe wannan asibiti shekaru aru-aru shi ne waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar, kuɗin da take kawowa suna tafiya ga marasa lafiya.

Wannan waƙafi shi ne muke so mu fahimta da kyau. Sayyidina Umar (RA) ya sami gona a Khaibara, wadda bai taɓa mallakar dukiya mai daraja irin tata ba. Ya nemi shawarar Annabi, aka nuna masa ya tsayar da asalin gonar, ya yi sadaka da amfaninta. Daga nan ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Sayyidina Usman (RA) kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu, sai 'yan abubuwa kaɗan, daga cikinsu akwai sadaka mai gudana. Alhamdu lillahi, mu ma an buɗe mana wannan ƙofa. Kangon nan da ke manne da ɗakin shan magani, dattijon da ya mallake shi ya bar shi waƙafi kafin rasuwarsa, magadansa kuma sun sa hannu a takarda gaban shaidu. Allah Ya kai haske kabarinsa. Fili dai ya samu, saura gini.

Ga abin da kwamiti ya tsara, mataki uku.

Mataki na farko, takardu. Ba za mu aza bulo ko ɗaya ba sai mun sami izinin gini daga hukuma. Duk wanda ya daɗe a Ikko ya ga ginin da aka shafa wa jan fenti, daga baya aka rushe. Ba za mu jefa dukiyar jama'a cikin wannan kasada ba. Za a yi wa amintattu rajista a hukumar CAC, domin fili da asusu su zama da sunan jama'a, kada gobe ɗan wani ya taso ya ce na ubansa ne. Sannan akwai HEFAMAA, hukumar Jihar Legas da ke ba asibitoci da ɗakunan shan magani lasisi. Za mu kai musu zanen tun kafin a fara, su faɗi abin da suke buƙata, kada a gama gini a ce a fasa bango.

Mataki na biyu, gini da kaya. Ɗakin haihuwa mai gado biyu. Ɗakin kwanciya na mata mai gado huɗu, tsohon ɗakin ya zama na maza. Zauren jira na mata da ƙofarsa daban ta bayan layi. Ƙaramin ɗakin gwajin jini da fitsari. Banɗaki biyu, rijiyar burtsatse da tanki, da sola wadda za ta riƙe fitilu da firjin ajiye allurar riga-kafi, tunda wutar NEPA kowa ya san halinta. Mu faɗa tun yanzu: ba za a yi tiyata a nan ba. Aikin wurin shi ne awo, haihuwar da ta zo da sauƙi, riga-kafin yara, zazzaɓin cizon sauro, awon hawan jini da na suga. Abin da ya fi ƙarfinmu a gane shi da wuri, a miƙa shi babban asibiti. Saboda haka za a yi yarjejeniya da direbobi biyu na unguwa waɗanda za a iya tasa kowane lokaci cikin dare, kuɗin mai daga asusu.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Gini ba ya karɓar haihuwa, sai da unguwarzoma mai takarda, ita kuma sai da albashi. Sau nawa muka ga asibitin da aka buɗe da taro da lasifika, bayan shekara biyu ya koma makwancin awaki? Domin kauce wa haka, za a fitar da shago biyu ta gefen titi su zama waƙafi, hayarsu ta tafi ga albashin masu kwana. Magani kuma za a sayar da shi a kan kuɗin da aka saro shi da ɗan abin da zai mayar da jari, kada kantar magani ta bushe.

Injiniyan da ya duba mana, ɗan unguwar nan ne kuma bai karɓi ko sisi ba, ya yi ƙiyasin naira miliyan 38: gini miliyan 24, ruwa da sola miliyan 5, gadaje da kayan aiki miliyan 5, takardu miliyan 1, sai miliyan 3 da za a ajiye na albashin watannin farko. Ya kuma gargaɗe mu cewa farashin siminti da rodi ba ya jiran kowa.

Da jin miliyan 38 wasu suka yi salati. To ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. In mutum 400 cikinmu kowa zai ba da naira 200 a rana, kwana shida a mako, naira 480,000 ke nan duk mako. A mako 50 an tara miliyan 24, kuɗin ginin gaba ɗaya. Naira 200 fa, ko shayi da burodin safe ba ta saya. Ai mu 'yan adashe ne, mun san yadda ƙaramin zubi yake zama jari. Sauran miliyan 14 muna sa rai daga ƙungiyoyinmu: 'yan goro, mahauta da dillalan shanu na Oko-Oba, 'yan canji, 'yan gwari, masu motocin Arewa. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi. Birkiloli da kafintoci da masu aikin wuta sun fara rubuta suna za su ba da kwana ɗaya a mako. Matasa 'yan dako sun ce ɗaukar yashi da bulo nasu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai tambayoyi huɗu da aka yi ta maimaitawa, ga amsar da aka tsaya a kai.

Ta farko, ko za a iya zuba zakka a ginin? Liman ya yi bayani cewa Allah da kanSa Ya ƙayyade mutum takwas da ake ba zakka a cikin Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su ga a yi gini da ita ba. Don haka kuɗin gini sadaka ne da waƙafi. Amma za a buɗe asusu na daban na zakka, wanda za a riƙa ba talaka marar lafiya ya biya magani ko kuɗin asibiti. Ba za a gauraya su ba.

Ta biyu, me zai hana a ci bashin banki a gama da wuri? Bashin da ke da ruwa riba ce, ba za mu gina wurin neman lada a kan abin da Allah Ya haramta ba. In wani mai hali zai ba da rance ba ƙari, a rubuta a sa shaidu, muna maraba.

Ta uku, wasu sun ce mu baƙi ne, gara mutum ya kai sadakarsa gida. Babu mai hana kowa taimakon garinsu, akwai lada. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a ina matanmu suke haihuwa? A ina 'ya'yanmu suke zazzaɓi? Akwai gidaje a nan Zango da kakanninsu suka zo fataucin goro tun zamanin Turawa, jikokinsu ba su san wani gida ba sai nan. Wanda ya zo cin rani na wata shida ma, in ciwo ya kama shi ba ya jira sai ya koma Sakkwato ko Maraɗi. Kuma wurin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, Musulmi da Kirista, duk wanda ya zo za a duba shi. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya a kan yare ko addini ba, kuma zaman lafiyarmu a ƙasar nan yana ƙaruwa in mutane sun ga alheri yana fitowa daga masallaci.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. An ce an taɓa tara kuɗi a baya domin wani aiki, har yau ba a ji lissafi ba. Gaskiya ne, an yi sakaci wajen rubutu, mu ma na kwamiti muna neman afuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan karon ga sharuɗɗa: asusun banki ɗaya, ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum uku. Duk mai karɓar zubi yana da littafin rasit mai lamba, kada ka ba kowa kuɗi bai ba ka rasit ba, ko da ɗan Liman ne. Kowace Juma'ar farko ta wata za a manna abin da ya shigo da abin da ya fita a allon ƙofar masallaci, a kuma buga shi a wannan takarda. Mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba za su binciki littattafai duk wata uku. An kuma sa mata biyu a kwamitin, malamar Islamiyya da wakiliyar masu sana'a a gida, tunda ɗakin haihuwa su suka san abin da ake buƙata a cikinsa.

Ba mu manta da gwamnati ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wani asusu domin kiwon lafiya a matakin farko, amma yawanci ta cibiyoyin gwamnati yake bi, saboda haka ba mu sa shi a lissafinmu ba. Abin da za mu nema a ƙaramar hukuma shi ne masu allurar riga-kafi su riƙa zuwa a ranaku sanannu. Muna kuma jan hankalin magidanta kan inshorar lafiya ta Jihar Legas, wato Ilera Eko. Kwamiti zai gayyato jami'ansu su yi bayani da bakinsu, a yi musu tafinta, kowa ya ji da kunnensa kafin ya yanke shawara.

Ya 'yan'uwa, a yau bayan an sallame, teburi biyu za su kasance a ƙofar gabas. Wanda zai shiga zubin kullum ya rubuta sunansa da layin da yake kasuwa. Wanda zai ba da buhun siminti ko kwanon rufi ko ranar aiki, shi ma ya rubuta. Na mata za a bi su a Islamiyya ranar Asabar da Lahadi. Wanda yake so ya bayar a ɓoye ya ga ma'aji, za a rubuta “wani bawan Allah”, rasit kuwa sai an ba shi. Burinmu a zuba harsashi kafin ruwan sama ya kankama, in Allah Ya yarda. Magidanta kuma, tun kafin a gama gini, don Allah a bar mata su je awo, a kai yara riga-kafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya sauki masu juna biyu lafiya. Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk waɗanda suka riga mu. Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.



Sakataren Masallaci, a madadin Liman da Kwamiti