Nawa ne kuɗin igiyar raƙumi?

A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin lantarki na Tohoku ke shirin gina tashar nukiliya a Onagawa, a gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan, wani dattijon injiniya mai suna Yanosuke Hirai ya kafe a kan magana ɗaya: sai harabar tashar ta ɗara teku da mita 14.8. Hujjarsa tsohuwa ce tukuf, domin ambaliyar tsunami ta shekarar 869 yake tunawa, wadda ta shafe wannan gaɓar fiye da shekara dubu kafin a haife shi. Kamfanin ya bi maganarsa. Hirai ya rasu a 1986 ba tare da ya ga ranar da yake tsoro ba.

Ranar ta zo a 11 ga Maris, 2011. Onagawa ce tasha mafi kusa da cibiyar girgizar ƙasar, igiyar ruwan da ta bugo ta kuwa ta kai kusan mita 13. Tukwanen nukiliyarta uku suka tsaya lafiya, har ɗaruruwan mutanen da gidajensu suka tafi da ruwa suka fake a ɗakin wasanninta. Can kudu, a tashar Fukushima Daiichi, labari ya sha bamban. Tudun da aka gina ta a kai ya kai kimanin mita 35, amma aka rage shi zuwa mita 10, domin a tarar da dutse mai ƙarfi, kuma janyo ruwan teku ya yi arha. Ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda janaretocin ko-ta-kwana suke, famfunan sanyaya tukwane suka mutu, cikin tukwane uku ya narke. Tun a 2008 wani lissafi na cikin gida a kamfanin TEPCO mai tashar ya nuna ruwa na iya kaiwa mita 15.7. An gani, an ajiye.

Duk ɗalibin da ya zauna a zauren karatu ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Kwamitin da majalisar dokokin Japan ta kafa ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa bai karanta Tirmizi ba, amma hukuncinsa na 2012 ya faɗa a wannan gurbi: ya ce bala'in Fukushima aikin ɗan Adam ne. Girgizar ƙasa ƙaddara ce. Ajiye takardar 2008 a aljihun tebur sakaci ne.

To, amma hadisin bai faɗi kaurin igiyar ba, kuma a nan ne gardamar masu gina tashoshin zamani take. Igiya da kuɗi ake sayenta.

A duba tashar Vogtle da ke jihar Jojiya ta Amurka. Sabbin tukwanenta biyu, samfurin AP1000 na kamfanin Westinghouse, an zana su ne yadda ko wuta ta ɗauke gaba ɗaya za su sanyaya kansu har awa 72 ba tare da wani ya taɓa maɓalli ba. Akwai ƙaton tankin ruwa a saman ginin, ruwan zai gangaro da nauyinsa, kuma nauyi ba ya jiran dizal. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta cire rayukan jama'a daga hannun ma'aikacin da zai iya ruɗewa da ƙarfe uku na dare. Sai dai aikin da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 14 ya haura biliyan 30, ya makara da shekara bakwai, tukunya ta ƙarshe sai a Afrilun 2024 ta fara sayar da wuta. Westinghouse kansa ya karye a 2017. A shekarar ce kuma aka yi watsi da irin wannan aiki a Karolina ta Kudu bayan an kashe kusan dala biliyan 9, masu biyan kuɗin wuta suka gaji bashin tukwanen da ba su taɓa kunna ko ƙwai ɗaya ba.

Sai aka ce a ƙanƙanta tukwanen, a riƙa ƙera su a masana'anta kamar motoci. Kamfanin NuScale ya samu amincewar hukuma a kan zanensa, amma a Nuwamban 2023 aka soke aikinsa na farko a Idaho, bayan farashin wutar da aka yi wa garuruwa alkawari ya tashi daga dala 58 zuwa 89 a kan kowane megawat na awa guda. Garuruwan suka ja da baya.

Mai gaggawar fatawa zai ce ai magana ta ƙare, tunda malaman fiƙihu sun ce kawar da ɓarna yana gaba da janyo amfani, don haka a kashe ko nawa ne. Ƙa'idar ba haka take tafiya ita kaɗai ba. Tana da 'yar'uwa, wadda ta ce idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi. Tashar da tsada ta hana a gina ba ta barin fili fayau, yawanci kwal ko gas ne ke cike gurbinta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Waɗannan mamatan ba su da ranar tunawa, tari ne ke ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. A Fukushima ma, wahalar kwashe jama'a, musamman tsofaffi da marasa lafiya, ta kashe fiye da mutum 2,000 a lardin, alhali mutuwa ɗaya gwamnati ta danganta da tururin nukiliya a 2018. Imam Gazali ya jera dukiya tare da rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, rai ne dai a gaba. Almubazzaranci da sunan kariya yana iya cin rai ta bayan gida.

Gaskiya kuma, ba kariya ce kaɗai ta cinye kuɗin Vogtle ba. An fara gini zane bai kammala ba, ƙasar kuma ta yi shekaru da dama ba ta fara sabon aiki irin wannan ba, hannu ya manta. 'Yan Koriya ta Kudu, da ba su daina gini ba, sun kafa tukwane huɗu a Baraka ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, waɗanda ke ba ƙasar kusan rubu'in wutarta. A Shidaowan ta Sin kuwa, a 2023, injiniyoyi sun kashe na'urar sanyaya wata sabuwar tukunya da gangan tana tsakiyar aiki, ta huce da kanta. Ko za ta yi arha, wannan sai an gina da yawa.

Saboda haka laifin da ya fi nauyi a wannan fage shi ne na wanda ya san tsawon igiyar ruwa, ya auna ta da ribar bana, ya yi shiru. Shi ne ya saki raƙumi yana riƙe da igiya a hannu. A 2016 gwamnatin Japan ta ƙiyasta cewa diyya da share Fukushima za su ci yen tiriliyan 21.5. Tukunya ta biyu ta Onagawa kuwa ta koma aiki a Oktoban 2024, a bayan sabuwar katanga mai tsawon mita 29 daga teku.